Tsakanin Gira Biyu: Tarihin Wani Ɗan Wuri a Goshi

 

Duk shekara idan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, akwai wani ciwon kai da ke ziyartata ba tare da sallama ba. Yakan zauna a goshi, daidai saman hanci, ya toshe min numfashi, idan na yi sujada in ji kamar an ɗora min dutsen niƙa. Ƙanena, wanda muka yi tarayya da shi a wannan lalura, ya turo min wani ɗan bidiyo ta WhatsApp a hunturun da ya wuce. A ciki wata mata ce ke nuna yadda ake ɗora yatsa tsakanin gira biyu, a danna na minti ɗaya, ciwon kai da toshewar hanci su tafi. Ta ce Sinawa sun shekara dubu biyar suna yi, ta kuma kira wurin da suna "ido na uku". A ƙarƙashin bidiyon ya rubuto min tambayoyi biyu: "Yaya, wannan yana aiki? Kuma ya halatta?"

Ni dai ba likita ba ne, ba kuma mai fatawa ba. Abin da na ɗan iya shi ne bin diddigin abu har inda ya faro, don haka na ce masa ya ba ni lokaci. Abin da na tarar ya fi bidiyon daɗin ji nesa ba kusa ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu shi.

Sinawa suna kiran wannan wuri Yintang. Kalmar farko tana nufin hatimi, ta biyu kuma zaure, wato "zauren hatimi". Amma kafin mu zo ga sunan, bari mu fara da shekarun nan dubu biyar, domin a nan ne matar ta fara zarce gona da iri.

A shekarar 1973 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na ƙasar Sin, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin Miladiyya. A ciki suka sami littattafan magani rubuce a kan siliki, waɗanda ke cikin mafi tsufan da aka taɓa samu a ƙasar. Sun yi bayanin wasu hanyoyi goma sha ɗaya da suka ce suna ratsa jikin ɗan Adam, da yadda ake ƙona wani busasshen ganye dangin tazargade a kansu don neman sauƙi. Babu maganar tsira allura a cikinsu, babu kuma jerin wuraren da ake sokawa. Sai a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin Miladiyya, aka ga tsarin ya kankama: hanyoyi sun zama goma sha biyu, allura ta shigo, an kuma shimfiɗa ra'ayin cewa akwai wani ƙarfi mai suna "chi" da ke gudana cikin hanyoyin, wanda toshewarsa ke haddasa cuta. Ke nan sana'ar ta haura shekara dubu biyu da kaɗan. Wannan ma ai tsufa ne da ya isa a girmama, ban ga dalilin ƙara masa dubu uku ba.

Wannan littafi ya ambaci tsakanin gira a matsayin wurin da likita ke duba launin fata don ya gane halin da huhu ke ciki.  A ƙarni na uku Miladiyya wani malami mai suna Huangfu Mi ya tattara wuraren tsira allura guda 349 a littafinsa, Yintang ba ya ciki. A shekarar 1026, a zamanin daular Song, likitan fada Wang Weiyi ya sake tantance su suka zama 354, nan ma ba ya ciki.

Bari in ɗan tsaya kan Wang Weiyi, domin abin da ya yi ya burge ni. A shekarar 1027 ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, kowanne girman cikakken mutum, aka huda ƙananan ramuka a jikinsu daidai kowane wuri, aka rubuta sunansa. Marubutan baya sun ruwaito cewa ranar jarrabawa akan shafe jikin da kakin zuma har ramukan su ɓace, a cika cikin da ruwa, sannan a miƙa wa ɗalibi allura a ce ya soki wuri kaza. In ya dace, ruwa ya tsarto; in ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla. Babu roƙo, babu satar amsa, babu "malam a duba mu". Na so a ce wasu jarrabawoyinmu na yau haka suke.

Sunan Yintang a matsayin wurin magani an fi jingina farkon bayyanarsa ga wani littafi na Wang Guorui da ya fito a shekarar 1329, lokacin da Mangolawa ke mulkin Sin. Kuma a can abin da aka fi ambatonsa a kai shi ne jijjigar ƙananan yara. Daga baya ne aka yi ta ƙara masa aiki: ciwon goshi, toshewar hanci, haɓo, rashin barci, firgita. Duk da haka ya daɗe a matsayin baƙo, cikin rukunin da suke kira wuraren ƙari, waɗanda ba sa cikin lissafin manyan hanyoyi. Sai a shekarar 2006 hukumomin ƙasar Sin suka shigar da shi cikin hanyar da ke bi ta tsakiyar baya ta haura kai ta sauko fuska, adadin ya zama 362, alhali jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tsaya a 361. Wurin da aka ce mana ya shekara dubu biyar, ashe sunansa a matsayin wurin magani bai cika ɗari bakwai ba, kujerarsa kuwa a majalisa jiya-jiya ya same ta.

Yanzu ga inda labarin ya ratso ta gidanmu.

Shekara goma sha shida kafin littafin Wang Guorui, wato a 1313, daidai da 713 bayan Hijira, an kammala kwafar wani littafi da Farisanci a birnin Tabriz. Sunansa Tansuƙnama, kuma yana cikin fassarar farko da aka sani ta ilimin likitancin Sin zuwa wani harshe na duniyar Musulmi. Wanda ya ɗauki nauyinsa shi ne Rashiduddin Fadlullah al-Hamadani, likita ɗan gidan likitoci, wanda aka haifa cikin Yahudanci ya musulunta, ya zama wazirin sarakunan Mangolawa na Farisa, Gazan da ƙanensa Uljaitu. Ya gina unguwa guda ta ilimi a Tabriz mai suna Rab'i Rashidi, da asibiti da ɗakin karatu da masaukin ɗalibai, ya tara masana daga ƙasashe daban-daban har da Sin. Kason littafin da ya tsira ya fi mayar da hankali kan bugun jijiya, yana ɗauke da zane-zanen kayan cikin mutum da aka kwaikwayo daga na Sinawa, kuma kwafinsa guda ɗaya tilo yana nan a Istanbul. Shi kuwa wazirin ƙarshensa bai yi daɗi ba. Maƙiyansa a fada suka tuhume shi da sa wa Uljaitu guba, aka kashe shi a 1318 yana da shekara saba'in da 'yan kai. Da mutuwarsa aka wawashe unguwar tasa.

Ba shi ne farkon haɗuwar ba. Ibnun Nadim a cikin Al-Fihrist ya kawo labarin wani Basine da ya zauna wajen Abubakar ar-Razi kimanin shekara guda, ya koyi Larabci cikin wata biyar, da zai tafi ya nemi a yi masa shiftar littattafan Jalinus goma sha shida, yana rubutawa da wani gajeren rubutu na ƙasarsu da sauri fiye da yadda ake karanta masa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a zamanin Mangolawa an buɗe ofisoshin magungunan Musulmi a manyan biranen Sin biyu a shekarar 1292, sannan aka samar da wani kundi da Sinanci mai suna Huihui Yaofang, wato magungunan Musulmi, mai juzu'i 36, wanda huɗu kawai suka rage. Ilimi ya yi ta kai da komo a kan hanyar fatake, kowa na auna na ɗan'uwansa. A nan ya kamata in ja kunnen mai karatu kan maganar nan da ta shahara a bakin masu jawabi, ta neman ilimi ko da a ƙasar Sin ne. Ibn Hibban ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin hadisan ƙarya. Magabatanmu ba su jira ta ba kafin su karɓi abin da ya amfane su, mu ma ba ma buƙatar jingina ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, likitocin Musulmi sun san wannan wuri na goshi tun kafin sunansa ya bayyana a matsayin wurin magani a Sin. Ibn Sina ya kammala Al-Ƙanun a wajajen 1025, shekara guda kafin littafin Wang Weiyi. A babin fitar da jini ya ambaci wata jijiya da ke tsaye tsakanin gira biyu, ya ce tsaga ta na amfani ga nauyin kai da nauyin idanu da ciwon kai mai daɗewa. A can Andalus kuma, az-Zahrawi, wanda ya rasu wajajen 1013, ya buɗe babin lalas na littafinsa At-Tasrif da lalas ɗin kai: likita ya ɗora gindin tafin hannunsa a tushen hancin mara lafiya tsakanin idanu, inda ɗan yatsan tsakiya ya kai, nan zai yi alama da tawada. Ar-Razi ma yana da wata 'yar risala kan murar da ke kama wasu mutane lokacin da furen wardi ke buɗewa, wadda masana tarihin likitanci ke ƙirgawa cikin bayanai na farko kan murar da ƙurar fure ke tayarwa.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa wani ya kwafa daga wani. A ganina lamarin ya fi haka sauƙi. Duk wanda kansa ke sarawa, ko a Tabriz yake ko a Changsha ko a Gusau, hannunsa da kansa yake tafiya wurin. Tsofaffinmu da ke ɗaure goshi da ƙyalle, da wanzaman da ke kafa ƙaho a ƙeya, ba su karanta Huangdi Neijing ba. Ciwon ne ke nuna wurin, kowace al'umma kuma ta yi masa bayani da irin ilimin da ke hannunta: Basine ya ce chi ya toshe, Ibn Sina ya ce jini ya yi yawa.

Akwai kuma abin da nake gani yana yaɗuwa tsakanin matasa masu sana'ar ƙaho, wanda ba na jin daɗinsa. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda ciwon ɓarin kai, wata ruwayar ta ce a tsakiyar kai ne, a wani wuri da ake kira Lahyu Jamal a hanyar Makka. Wannan ya tabbata. Amma a ɗauko taswirar Sinawa mai ɗaruruwan ɗigo, a rubuta "wuraren Sunna" a samanta, wannan haɗa abin da bai haɗu ba ne. Kowanne a bar shi da sunan mai shi.

To, ina yatsa ya shigo? Tausa tsohuwar sana'a ce a Sin, har tana da sashe nata a makarantar likitancin fada a zamanin daular Tang. Amma ta fi bunƙasa wajen jinyar yara, waɗanda ba sa jure allura. Babban kundin Yang Jizhou na shekarar 1601 ya ƙunshi juzu'i guda kan tausar yara, kuma har yau masu wannan sana'a kan fara aiki da shafa goshin yaro da manyan yatsu biyu, daga tsakanin gira zuwa matsirar gashi. Wannan, a iya fahimtata, shi ne kakan abin da matar bidiyon ke nunawa.

Sana'ar ba ta tsira daga suka a gida ba. A 1822 sarki Daoguang ya hana tsira allura a makarantar likitancin fada, bisa cewa bai dace da jikin sarki ba. A 1929 majalisar lafiya ta gwamnatin Nanjing ta amince da shawarar wani likita mai ilimin zamani, Yu Yunxiu, ta kawar da maganin gargajiya baki ɗaya, sai masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris, gwamnati ta ja da baya. Gwamnatin Mao ce ta farfaɗo da ita a shekarun 1950, a lokacin da ƙasar ke da ɗaruruwan miliyoyin mutane da likitocin zamani 'yan ƙalilan. Sannan a watan Yulin 1971 ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a Beijin. Aka yi masa tiyata da maganin kashe zafi irin na asibiti, bayan tiyatar aka tsira masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi saboda kumburin ciki, ya rubuta labarin a jaridarsa. Wata bakwai bayan haka shugaba Nixon ya ziyarci Sin, Amurkawa kuma suka afka wa abin kamar fari sun ga gona.

A can ne ya haɗu da wasu baƙi. Littattafan koyar da danna jiki da yatsa da suka yi kasuwa a Amurka, irin na Michael Reed Gach na 1990, suka riƙa kiran wurin "ido na uku". Wannan laƙabi ya fi shahara ne a addinan Indiya, inda ake ɗaukar tsakanin gira mazaunin wata basira ta ɓoye. Su ma Sinawa ba su bar wurin haka kawai ba: masu duba da fuska a cikinsu kan ce in Yintang ɗin mutum ya yi duhu, masifa na tafe. Wannan ɓangare shi ne ya tayar wa ƙanena da hankali, kuma yana da gaskiya. Abin da na ce masa shi ne, tausa daban, aƙida daban. Danna tsoka don ta saki sababi ne na zahiri, kamar shafa man zafi. Ƙudurce cewa akwai wani ido a goshi da ke buɗe gaibu, ko cewa launin wurin na faɗin abin da zai faru gobe, wannan Musulmi ba shi da rabo a ciki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa.

Saura tambayar farko: yana aiki? Masu fiɗar jiki sun bincika ba su ga hanyoyin chi ba. Abin da ke wurin shi ne ƙananan tsokoki da ke haɗa gira idan mutum ya ɓata rai, da rassan babbar jijiyar da ke ɗaukar ji daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa, sannan a bayansu, cikin ƙashi, akwai koguna biyu masu iska da ke da 'yar siririyar mafita zuwa hanci. Idan mura ko ƙura ta kumbura mafitar, majina ta taru, sai a ji nauyin nan. Yatsa ba ya ratsa ƙashi, don haka ba zai buɗe kogon ba. Amma a 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon taɓawa da dannawa na iya rage saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaro ke murza inda ya buge. A haɗa da sakin tsoka da minti ɗaya na natsuwa da jan numfashi, ba mamaki a ji sauƙi.

Gwaji mafi ƙarfi an yi shi ne kan allura, ba kan yatsa ba. A wani bincike na Jamus da aka buga a 2005 kan mutum 302 masu ciwon ɓarin kai, waɗanda aka soka a wuraren da littafi ya faɗa da waɗanda aka soka sama-sama a wuraren bogi duk sun sami sauƙi kusan daidai, kuma duka sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje 22 da mutum 4,985, ya ga allurar gaskiya ta ɗan ɗara ta bogi, amma da rata kaɗan. Ban san yadda ɗaliban Wang Weiyi za su ji ba in aka ce musu kuskuren ramin bai cika canza sakamako ba. Game da danna Yintang kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, kuma sun fi karkata ga rage fargaba kafin tiyata.

Akwai wani binciken da ya fi shafata ni da ƙanena. A 2004 aka buga sakamakon duba mutum 2,991 da ke cewa ciwon kansu na kogon hanci ne, aka tarar kashi 88 cikin ɗari ciwon ɓarin kai ne ke damunsu, domin shi ma yana toshe hanci, yana sa ido hawaye. Mutum na iya shekaru yana shan maganin mura da na kashe ƙwayoyin cuta a kan ciwon da ba shi ne ba.

Don haka ga abin da na rubuta wa ƙanena. Ka wanke hannu, ka ɗora yatsa a wurin, ka danna a hankali kana murzawa na minti ɗaya ko biyu, ba ya cin kuɗi kuma da wuya ya cutar. Ka haɗa da turara tururin ruwan zafi, da wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, da rufe hanci ranar da hazo ya yi yawa. Maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take kada ya wuce 'yan kwanaki, in ba haka ba shi da kansa zai koma toshe maka shi. Amma in ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ido ya kumbura, ko gani ya dushe, ko harshe ya karye, ko wani ɓangaren jiki ya saki, ka sauke yatsan nan ka nufi asibiti a wannan sa'a. Mu da muke zaune inda sanƙarau ke zagayowa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, mun san abin da jinkirin yini guda ke jawowa. Haka nan mai juna biyu da kanta ke sarawa, a auna jininta kafin komai.

Bayan mako biyu ya kira ni ya ce yana yi, yana kuma jin sauƙi na ɗan lokaci, amma ciwon na dawowa da tashin zuciya, ga shi haske na damunsa. Na ce masa ya je a duba shi. Likitan ya saurare shi, ya tambaye shi ko akwai mai irin ciwon a gida, sai ya tuna da mahaifiyarmu da ɗan kwalin da takan tamke goshi da shi ta shige ɗaki ta rufe taga. Aka ce masa ɓarin kai ne, aka rubuta masa magani, aka ce ya riƙa rubuta ranakun da ciwon ke zuwa da abin da ya ci da sa'o'in da ya yi barci. Ni ma na sayi ɗan littafin rubutu na fara nawa lissafin, zan kai wa likita in hunturu ya dawo, in Allah Ya kai mu.